Daga Tanda zuwa bakin kejin zaki

Washegarin Sallah, tun rana ba ta yi zafi ba, layin yara ya miƙe a ƙofar gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda mutanen gari ke kira Muze a taƙaice. Sababbin kaya, lalle a hannu, kowa ya damƙe ɗan abin da ya samu na barka da Sallah. Kaɗan ne ke tsayawa kallon tsofaffin takubba da tufafin sarauta. Da an shiga sai a watse da gudu, wasu su nufi wajen zaki, wasu su kewaye ramin dorina suna jiran ta ɗago kai ta yi hamma.

A cikin cunkoson akwai baƙin da suka zo Sallah wajen dangi, daga Dosso, daga Dogon Dutsi, daga Gaya da garuruwan Dendi irin su Tanda. Su ba kullum suke zuwa ba. Mutum zai yi shekara biyu ko biyar bai sake taka wurin ba, shi ya sa idonsu ke kama abin da ɗan gari ba ya lura da shi. Sukan tsaya gaban keji su tambayi mai kula da wurin ina dabbar da suka gani a wancan zuwan, ko yaushe aka haifi wannan, ko daga wane daji aka kawo waccan.

Waɗannan tambayoyi su ne gaskiyar gidan zu, na Yamai ne, na Kano ne, ko na Maiduguri. Dabbobin da ke ciki ba kayan ajiya ba ne da za a jera a koma a tarar da su yadda aka bari. Ana haihuwa, ana mutuwa, ana kawo wasu, wasu kuma in sun tafi ba a sake samun irinsu. Wanda ya bi diddigin wannan shige da fice zai gane halin da dajin ƙasarsa ke ciki, ko da bai taɓa shigarsa ba.

Daji a kusa, hanya a toshe

Tanda karkara ce a gundumar Gaya, cikin jahar Dosso, a gaɓar kogin Isa. Tsallaken ruwa ƙasar Benin ce, yankin Karimama. In aka wuce Gaya aka yi gabas kuma sai iyakar Najeriya ta wajen Kamba. Tsibirin Lete, wanda kotun duniya ta tabbatar wa Nijar a 2005 bayan doguwar jayayya da Benin, a wannan yanki yake. Mutanen wurin, Dendawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani, da noman shinkafa da gero da su da kiwo suke rayuwa.

Idan aka bi kogin aka haura, ba da nisa sosai ba, sai gandun dajin W, wanda ƙasashe uku suka raba tsakaninsu: Nijar, Benin da Burkina Faso. A 1954 aka mayar da shi gandun daji na ƙasa. Hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren gadon duniya a 1996, sannan a 2017 aka haɗa shi da dajin Arly da na Pendjari. A wannan gaɓar ta jahar Dosso ma akwai wani keɓaɓɓen daji da aka shata tun 1962 don ya zama garkuwa ga babban.

Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, kuma kusan tara cikin goma a wannan haɗaɗɗen daji suke. Garken giwaye mafi yawa a yankin ma a nan yake, ga ɓauna, ga gwanki, ga kanki.

Ke nan yaron Tanda maƙwabcin zakunan ƙarshe ne na wannan sashe na duniya. Amma da wuya ka sami wanda ya taɓa ganin ɗaya. A da tsada ce ta hana, don shiga gandun sai da mota mai ƙarfi da ɗan jagora, abin ya zama na Turawa masu yawon buɗe ido da manyan ma'aikata. Yanzu kuwa tsoro ne. Ƴan bindiga sun yi sansani a dajin, kuma a watan Fabrairun 2022 bama-baman da aka binne a hanya sun kashe mutum tara a ɓangaren Benin, cikinsu har da masu gadin daji. Babu shugaban makarantar da zai ɗebi ƴaƴan mutane ya nufi can. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ta Benin ita ma an rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Abin da ya rage wa yaron shi ne tafiyar kusan kilomita 300, ta Gaya da Dosso zuwa Yamai, ya ga zaki ta bayan ƙarfe.

Gidan da Boubou Hama ya assasa

An buɗe Muze a 1959, ana gab da samun mulkin kai. Boubou Hama, malamin makaranta kuma marubuci wanda ya daɗe yana shugabantar majalisar dokoki, shi ne ya tsaya a kan kafa shi, shi ya sa yau gidan ke ɗauke da sunansa. Wani masani mai suna Pablo Toucet ne ya fara riƙe shi. Filinsa ya kai kadada 24 a tsakiyar birni.

Tun farko ba a nufe shi da zama gidan zu kawai ba. Akwai ɗakunan tufafi da kayan kiɗa, akwai rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aikinsu a gaban mai kallo, akwai ƙasusuwan manyan halittun da suka ƙare tun kafin ɗan Adam, waɗanda aka tono a hamadar Agadez. Itaciyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar sahara har wata babbar mota ta kayar da ita a 1973, a nan aka ajiye gangarta. Manufar ita ce ɗan ƙasa ya zaga wuri guda ya ga Nijar gaba ɗaya, kuma namun daji wani sashe ne na wannan Nijar ɗin: zaki, kura, dorina, kada, jimina, birai, kunkuru da tsuntsaye.

A wajejen 2020 an ba da rahoton cewa nau'o'in dabbobin gidan sun haura 100, masu ziyara sun fi 100,000 a shekara, kuɗin shiga kuma dala goma ne kacal. A ganina wannan araha daidai ce, don ita ce ke ba almajiri da ɗan talaka damar shiga inda ɗan minista ke shiga. Sai dai dala goma ba ta ciyar da zaki. In gwamnati ta zaɓi ta bar ƙofa a buɗe ga kowa, to ta ɗauki nauyin cikin dabbobin ke nan.

Yadda dabba ke shigowa, yadda take fita

Mutane da yawa suna zaton gidan zu sayo dabbobinsa yake yi. A ƙananan gidajen zu na ƙasashenmu saye shi ne mafi ƙaranci. Tun da yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji ta fara aiki a 1975, ɗauko namun daji daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardu da izini, ga kuɗin jirgi, ga na likita. Ƙaramin gida ba ya iyawa.

Ta wasu ƙofofi dabam dabbobin ke shigowa. Akwai wadda ma'aikatan gandun daji suka ƙwace a hannun maharbi ko mai fataucinta, bisa dokar farauta da kare namun daji ta 1998. Akwai kyauta: attajiri ko basarake ya rene barewa ko ɗan biri a gida don sha'awa, ranar da dabbar ta girma ta fi ƙarfin gidan sai a nemi inda za a kai ta. Akwai wadda manoma suka tsinta an kashe uwarta. Akwai musaya tsakanin gida da gida, in an yi dace. Sannan akwai haihuwa.

Irin waɗannan dabbobi yawanci ba sa komuwa daji. Birin da ya tashi yana karɓar gyaɗa a hannun mutum, in aka sake shi gonar mutane zai nufa, a kashe shi. Saboda haka keji kan zama gidansa na har abada, ba don wani ya tsara a nuna wa jama'a irinsa ba, sai don babu wani wurin.

Haihuwar ma tana da nata ƙalubale. Zaki ba ya wuyar haihuwa a tsare, kuma ɗan zaki yana jawo ƴan kallo. Amma in duk zakunan gida daga uwa ɗaya da uba ɗaya suka fito, uba yana hawan ƴarsa, wa yana hawan ƙanwa, bayan ƴan shekaru sai a fara samun ƴaƴa raunana masu mutuwa da wuri. Maganin abin shi ne a kawo sabon jini daga wani gida, kuma wannan ba ya yiwuwa sai kowane gida ya san asalin abin da yake riƙe da shi.

Ta wajen fita kuwa, tsawon rai ne ke yanke hukunci. Zaki a tsare yakan kai shekara 20. Dorina takan yi 40 zuwa 50. Kada da kunkuru sukan binne waɗanda suka fara ba su abinci. Barewa da danginta kuwa rayuwarsu gajera ce, ga firgici: ihu ɗaya na yara zai sa ta ruga ta bugi waya ta karye. To in shekaru suka ja ba a kawo sababbi ba, ƙaramin gidan zu da kansa yake karkata zuwa masu taurin rai, kadoji da kunkurai da kuraye da birai, masu laushin kuma su yi ta raguwa ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne lissafi ke iya ruɗar mutum. Kejin da gada ta bari ana iya zuba masa ɗawisu ko talotalo ko zomaye, adadin nau'o'i a takarda bai ragu ba, amma abin da yaro ya zo gani ya tafi. Don haka yawan nau'i kaɗai ba ya gaya wa kowa ko gida na ci gaba ne ko baya.

Nama da ciyawa

Babban zaki yana buƙatar nama kilo 5 zuwa 7 a rana. Gidan da ke da zaki biyar, in aka ƙiyasta, saniya guda ce duk kwana huɗu ko biyar, ba a sa kuraye da kadoji a lissafi ba. Dorina guda takan cinye ciyawa kusan kilo 40 a yini, kuma duk mai kiwo a Sahel ya san yadda harawa ke tsada in rani ya yi nisa. Ga ruwan ramin da dole a riƙa sauyawa. Maganin sa barci da ake harba wa dabba kafin likita ya taɓa ta, daga waje ake kawo shi.

Albashin ma'aikaci in ya makara yakan ci bashi wajen mai shago ya lallaɓa. Dabbar da ke kulle ba ta da wannan dabarar.

An ga inda abin ke kaiwa. Gidan namun daji na Ziniaré a Burkina Faso, wanda tsohon shugaba Blaise Compaoré ya kafa a garinsu, ya shiga wani hali bayan an kore shi daga mulki a 2014, har hotunan dabbobinsa a rame suka bazu a duniya. A farkon 2020 ma hotunan zakunan wani lambu a Khartoum, haƙarƙari a waje, su suka sa matasan Sudan suka tashi neman taimako ta intanet. Gidan da rayuwarsa ta rataya ga mutum ɗaya, ko ga kasafin da ake iya mantawa da shi, haka ƙarshensa ke zama.

Wani lokaci kuma dare ɗaya ne. A watan Satumban 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, hukumar gidan zu na Sanda Kyarimi ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobinta sun mutu, ruwa kuma ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni. Yamai ma birni ne na bakin kogi da ya sha ambaliya a shekarun nan, saboda haka darasin Maiduguri ba na nesa ba ne.

Abin da Kano ta nuna

Gidan zu na Kano, wanda gwamna Audu Bako ya kafa a farkon shekarun 1970, ya fi na Yamai faɗi, kuma shi ma da Sallah ba masaka tsinke. A 2019 sau biyu sunansa yana zaga duniya. A watan Oktoba zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka shafe kusan kwana biyu unguwannin kewaye suna cikin zullumi kafin a mayar da shi.

Kafin nan, a watan Yuni, kuɗin shiga na Sallah kusan naira miliyan bakwai sun ɓace, aka yaɗa cewa goggon biri ne ya haɗiye su. Daga baya gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje, ya fito ya ce babu irin wannan babban birin a gidan sam. Mutane sun ɗauki zancen abin raha, ni kuwa abin da ya dame ni dabam ne. Labarin ya yi kwanaki yana yawo, kuma a cikin miliyoyin da ke zaune kusa da gidan, kaɗan ne za su iya cewa da tabbaci akwai dabbar ko babu. Dukiyar jama'a ce, amma jama'a ba su san abin da ke cikinta ba.

Manyan gidajen zu na duniya, sama da dubu, suna zuba bayanan dabbobinsu a rumbu guda na ƙungiyar da ake kira Species360: ranar haihuwa, iyaye, cututtuka, ranar mutuwa da sanadinta. Ƙaramin gida ko bai shiga wannan ba, littafi da alƙalami da allo a bakin ƙofa ba su fi ƙarfinsa ba.

Masu cewa a rufe, masu cewa a gyara

Akwai masu ganin tsare namun daji zalunci ne tsantsa. Zakin da aka halitta ya mallaki daji mai faɗin tafiyar yini, a ce ya ƙare rayuwarsa yana kai da komo a kan siminti, yara suna jifarsa don ya yi ruri. Malamai sukan tuna wa mutane hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Wanda ya kulle rai, haƙƙin ran yana wuyansa.

Manomin bakin kogi kuma da wani ido yake kallon abin. Shi dorina ba abin sha'awa ba ce, ita ce mai tattake masa shinkafa cikin dare ta kuma kife jirgin masunta. A 2017 mutanen yankin Ayorou sun kashe dorinai da dama saboda irin wannan ɓarna, a shekarar ne kuma gwamnati ta keɓe wa dorinan wani sashe na kogin. In aka ce wa wannan manomi ana kashe kuɗi a Yamai wajen sayen ciyawar dorina, yana da dalilin tambayar wa zai biya shi gonarsa. Tambayar tasa halal ce, kuma duk shirin kare namun daji da ya ƙi amsa ta ba zai yi ƙarko ba.

Masu kare gidan zu su ma suna da hujja mai ƙarfi, ita ce mariri. Wannan farar dabba mai dogayen ƙahoni ta taɓa cika sahel ɗin Nijar da Chadi, har a shekarar 2000 aka bayyana cewa ta ƙare a daji. Waɗanda suka rage a tsare, a gidajen zu da garkunan ƙasashen waje, su aka tara a Abu Dhabi, aka fara mayar da su Chadi a 2016. Suka hayayyafa, har a ƙarshen 2023 aka cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. A nan gida ma jiminar Sahel, wadda ta kusa shuɗewa daga dajin Nijar, ana kiwonta a tsare a Kelle ta jahar Damagaram da niyyar mayar da ita. Amma duk wannan ya yiwu ne saboda an san asalin kowace dabba, an kuma san wa za a haɗa da wa.

Ni ina tare da masu cewa a gyara, bisa sharaɗi. Ƙaramin gida ya riƙe abin da zai iya ciyarwa, ya fifita dabbobin ƙasarsa, ya faɗaɗa wa kaɗan wuri maimakon ya cusa da yawa. Zaki biyu masu ƙoshi a fili mai inuwa sun fi goma a rame.

Raƙuman dawa a bakin hanya

Matafiyin da ya taso daga Tanda, in ya wuce Dosso da Birnin Gaure, kafin ya shiga Yamai da kimanin kilomita 60 zai ratsa Kouré. A nan ne raƙuman dawa na ƙarshe na Afirka ta Yamma ke yawo, ba shinge ba keji, a tsakanin gonaki da garkunan shanu. Mai sa'a yakan hango su ta tagar mota.

A 1996 guda 49 kacal suka rage. Aka hana farautarsu, aka ɗauki ƴan ƙauyukan aikin jagora, ƙungiyoyi suka riƙa tallafa wa manoman da ake cinye wa wake da mangwaro. Aka kuma riƙa ƙidaya su, ana ɗaukar hoton kowane, tun da zanen jikin wani ba ya zama daidai da na wani. Zuwa 2018 sun haura 600, har aka kwashi takwas aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su zuwa dajin Gadabeji a jahar Maradi, aka ƙara huɗu a 2022. Harin watan Agustan 2020, wanda aka kashe Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a wurin, ya tsayar da zuwan baƙi, ya kuma karya sana'ar ƴan jagora.

Idan ana iya sanin raƙumin dawa ɗaya-ɗaya alhali yana yawo a fili, babu uzurin da zai hana a san dabbar da ke kulle. A jikin kowane keji a rubuta da Hausa da Zabarmanci, ba Faransanci kaɗai ba, daga ina ta zo, a wace shekara, nawa ne irinta suka rage a dajin ƙasar. In ta mutu a bar allon, a ƙara shekarar da sanadin. A ƙarshen kowace shekara a liƙa jerin waɗanda aka haifa, waɗanda aka kawo da waɗanda aka rasa, yadda baƙon da ya dawo bayan shekara biyar zai karanta amsar tambayarsa da kansa.

Tanda ma tana da nata abin ƙidayawa, ba sai an je Yamai ba. Fadamar Albarkaize da kewayenta suna cikin dausayin da aka sa a yarjejeniyar Ramsar a 2001, kuma da sanyi tsuntsaye kan sauka a wurin daga nesa har Turai, su haɗu da kirinjijiya da zalɓe da dinya na gida. A cikin kogin akwai ayu, wanda tsofaffin sarkawa suka san maɓoyarsa da lokacin fitowarsa, doka kuma ta hana kashe shi. Malamin lakwal da ɗalibansa za su iya buɗe littafi guda, su riƙa zuwa wajen waɗannan dattawa suna rubuta abin da ake gani a da, da shekarar da aka daina ganinsa, da abin da har yanzu ake gani. Ma'aikatan gandun daji na Gaya suna buƙatar irin wannan bayani, kuma a halin da ake ciki na rashin tsaro ba ko'ina suke iya zuwa su tattaro shi da kansu ba.